Fenti Kan Tsatsa

Raewyn Pascoe ta kai shekara arba'in da shida ba ta taɓa riƙe abin da ya yi kama da bindiga ba. Shekara huɗu ta yi tana jinyar mahaifiyarsu a tsohon gidansu da ke tsakiyar gonakin tuffa a wajen Hastings, tana kuma aikin wanki da guga a gidan kula da tsofaffi. Daga tsofaffin wurin aiki sai tsohuwar gida. Da uwar ta rasu cikin sanyin watan Agusta, sai Raewyn ta wayi gari da ranakun Lahadi a hannunta, ba ta san yadda ake yi da su ba.

A watan Disamba aka kwashi ma'aikata zuwa filin wasan harbin fenti na tsoho Wal Kinnear, can bakin kogi, wai shi ne walimar Kirsimeti ta bana. Raewyn ta je ne don kada a ce ba ta shiga mutane. Aka ba ta takunkumin fuska mai warin zufan wani, aka danƙa mata bindigar haya, aka ce ta gudu. Ƙwayar fenti ta same ta a cinya, ta bar mata shaida kamar an kifa mata bakin kofi mai zafi, ita kuwa ta kwanta bayan tarin tayoyi tana dariya har gilashin takunkumin ya yi hazo. Ta manta rabonta da irin wannan dariya.

Mutum biyu suka kamu tare da ita. Akwai Anti Mele, 'yar Tonga mai riƙe da kicin, wadda ta girme su kuma ta fi su rashin tsoro, ba ta ɓuya sai dai ta tunkari mutum tana kiran sunansa. Akwai kuma Marisol, nas 'yar Filifin, ƙarama mai nauyin baki, wadda ke iya kwanciya minti goma cikin ciyawa ba motsi. Suka riƙa komawa duk Lahadi biyu, har kuɗin haya ya fara yi musu ciwo. Marisol ce ta ce su sayi nasu na hannu, ta ma samo tallace-tallace a intanet ta jera a wayarta, da hotuna da farashi.

Raewyn ta ce a dakata, tana da yaya.

Yayan nata, Des, ya ba ta shekara shida. Makanikin tarakta ne da injinan feshi na gonaki, kuma ya yi shekara goma sha biyar yana wasan fenti, garejinsa cike da kofuna masu ƙura. Shi ya koya mata tuƙi. Ba ta taɓa sayen mota ba sai ya shiga ƙarƙashinta da tocila. Ranar aurenta, da yake ubansu ya rasu, shi ya riƙe hannunta ya shiga da ita coci, kuma da auren ya mutu shi ya zo da a-kori-kura ya kwaso mata kaya bai tambaye ta komai ba. Ko da lauya ya karanta wasiyya aka ji uwar ta bar wa Raewyn gidan, Des ne ya fara miƙewa ya rungume ta, ya ce ta cancanta, ita ta sha wahalar.

Da ta kai masa wayar Marisol, ya yi ta gungura hotunan yana girgiza kai.

"Rae, kada ku kuskura. Can ɓarayi ne zalla, sabon shiga suke jira. Ki bar min, ƙanwata."

Bayan mako biyu ya kira ta. Ya ce wani abokin wasansa ya koma Ostireliya ya bar bindigogi uku iri ɗaya, kowace da tulun iskarta. Ya ce ya kwance su da hannunsa, ya sauya duk zobban roba, ya shafa mai. Dala ɗari uku da hamsin kowace, kuma shi ko sisi bai ɗora ba. Marisol ta ce a hankali ta ga masu rahusa fiye da haka. Raewyn ta ce araha ba ta ado, gara wanda aka san daga inda ya fito. Anti Mele ta ce in dai ɗan'uwan Rae ne, magana ta ƙare.

Ranar da ya kawo su, matan suka zagaye su suna kallo. Baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli, kowace an ɗaura mata ƙyalle mai launi daban a jikin mariƙi don kada a rikita. Tulunan ma an saka musu rigunan roba sababbi. Anti Mele ta rungume Des har ta ɗaga shi daga ƙasa, washegari kuma ta aika masa da tire guda na naman gwangwani da madarar kwakwa naɗe cikin ganyen gwaza.

Des ya ba su shawara biyu. Ta farko, kada su kai bindigogin filin Wal tukuna, su fara sabawa da su a makiyayar bayan gida, don 'yan wasa ba su da mutunci, in suka ga mace tana fama da kayanta sai su mai da ita abin dariya. Ta biyu, iskar fili tsada ce, su riƙa kawo masa tulunan ya cika musu daga babban tulunsa kyauta. Raewyn ta ji daɗin wannan har cikin ranta. Tun rasuwar uwarsu ba su riƙa ganin juna haka a kai a kai ba.

Suka jera duro-duro da damman ciyawa a makiyaya, suka fara. Tun ranar farko bindigar Marisol ke fasa ƙwaya a cikin bututu, fenti ya dagule ciki, duk abin da ta harba bayan nan ya karkace. Ta Anti Mele tana huci ƙasa-ƙasa kamar maciji. Ta Raewyn kan harba biyar ta sarƙe. Duk lokacin da ta kai ƙara, Des yana da amsa. Ƙwayoyin da suka saya ne masu araha. Zafi ne. Hannunsu ne, suna danna kunama kamar masu matse lemon tsami. Ya kan karɓa ya juya baya ya taɓa wani abu, ya harba uku lafiya lau, ya miƙo mata yana murmushi.

"Kin gani? Bindiga lafiyarta ƙalau. Mai ita ce sai a hankali."

Suka yarda. Mako bakwai suna zargin kansu. Marisol ta riƙa kallon bidiyo lokacin hutun rana tana koyon yadda ake ɗora yatsa. Wata Lahadi ta zauna a kan damin ciyawa ta ce wataƙila ita ce ba ta iya ba, da bindigar haya ma sa'a ce kawai. Raewyn ta dafa kafaɗarta ta maimaita mata maganar Des kalma da kalma, cewa kowa da haka ya fara.

A ƙarshen Afrilu, bayan an gama tsinkar tuffa, Wal ya shirya gasar sababbin shiga, mutum uku-uku. Anti Mele ta rubuta sunansu ba ta yi shawara da kowa ba. Da Raewyn ta gaya wa Des, shi da zai yi alƙalanci ranar, fuskarsa ta sauya. Ya ce ba su kai ba tukuna. Ya ce su bari sai baɗi. Ya sake kiranta kwana biyu kafin ranar ya ce in ma dole ne, su karɓi na haya, don kada su ɓata nasu. Ita ta ɗauka tausayin yaya ne, har ta yi masa tsiya cewa tsoro yake kada tsofaffin mata uku su ƙwace masa suna.

Ranar Asabar ya cika musu tuluna. Ranar Lahadi da safe, suna sauke kaya a filin, Anti Mele ta duba nata ta ga allurar ma'aunin iska ta kwanta, iska ta tsiyaye tas. Des yana can ƙarshen fili yana jan igiya. Sai kawai suka nufi rumfar cika iska, inda Wal ke zaune a kan akwati da kofin shayinsa.

Wal ya haura saba'in, kunnensa ɗaya ya mutu, shi ya sa yake magana kamar yana kiran shanu. Ya karɓi tulun, ya zare rigar robar kamar yadda yake yi wa kowa, ya kai shi kusa da ido yana neman kwanan watan gwaji. Ya daɗe yana kallo. Ya kankare wata takarda da aka liƙa a wuyan tulun, ya sake kallo. Sannan ya ajiye shi a ƙasa a hankali, ya ce a ba shi sauran biyun. Ya buɗe su ya saki iskar duka, nesa da mutane.

Ya ce ba zai cika ko ɗaya ba. Lokacin gwajinsu ya wuce da shekaru, kuma ga tsatsa ta ci wuyan na Mele har ta yi rami. Ya ce irin wannan in ya tashi fashewa ba ya sallama, kuma a ƙarƙashin haɓar mutum yake zama.

Sai ya miƙa hannu ya karɓi bindigar Raewyn. Ya juya ta, ya sa farcen babban yatsa a ƙasan mariƙi ya kankara. Baƙin fentin ya ɓare kamar ɓawon albasa. A ƙarƙashi akwai harufa biyu da lamba, an zana su da ƙusa: W.K. 14.

"Wannan ai tawa ce," in ji Wal. "Rubutuna ne."

Ya kankara sauran biyun. Tara da ashirin da biyu. Ya ce tsofaffin bindigoginsa na haya ne, sun yi shekara goma a hannun masu bikin zagayowar haihuwa da abokan ango. Da kogi ya yi ambaliya, kwana goma sha ɗaya suka yi cikin laka a rumfar ajiya, su da tulunan. Ya zuba su a buhu ya ba da a kai wa masu sayen tsohon ƙarfe.

Mutane sun fara taruwa, don muryar Wal ba ta ɓuya. Ya dubi matan uku ɗaya bayan ɗaya.

"Wane ɗan iska ne ya sayar muku da waɗannan? Ku faɗa min sunansa."

Anti Mele ta dubi takalminta. Marisol ta dubi kogi. Ba wadda ta dubi Raewyn, kuma wannan ya fi mata ciwo da a ce sun zuba mata ido. Har a lokacin wani sashe na zuciyarta yana neman hanya, yana cewa wataƙila shi ma Des ɗin cutarsa aka yi.

"Wa ka ba ya kai su wurin masu ƙarfen?" ta tambaya.

Wal ya buɗe baki zai amsa, sai ya tuna sunan mahaifinta da ke rubuce a takardar gasa, iri ɗaya da na Des. Ya rufe bakin. Ya cire hularsa ya sosa kai.

"Ayya, 'yata," ya ce, wannan karon a hankali.

Raewyn ta sami Des a bayan a-kori-kurarsa yana saka rigar alƙalai mai ruwan lemo. Ta ɗora bindigar a kan ƙofar baya, gefen da aka kankare yana sama. Ya kalla sau ɗaya. Bai yi mamaki ba, bai kuma tambayi komai ba, a nan ta san ba sauran wata hanya.

Da farko ya ce ai ya gyara su, ya kashe kwana uku a kansu, aikinsa ma ya ci wannan kuɗin. Ta ce masa abokin da ya koma Ostireliya fa, yaya sunansa. Ya ci gaba da saka rigarsa. Ta ce tulun Anti Mele fa, wanda ya liƙa wa takarda. Ya ce ba ya cika su sosai, yana sane, rabi yake sa musu, kuma ga shi ba abin da ya faru.

"Mako bakwai, Des. Kana kallon yarinyar nan tana cewa ita ce ba ta iya ba."

"To ni na san za ku nace?" Ya ja zik ɗin rigar da ƙarfi. "Na ɗauka wata ɗaya za ku yi ku watsar. Ke dubi kanki, Rae. Ku uku, ɗaya kaka ce. Cewa na yi za su yi muku 'yan harbe-harbenku a bayan gida, su ƙare a ƙarƙashin gado, kowa ya huta. Haka sababbin shiga suke yi."

Ta ce da ita ce kaɗai da sauƙi. Ita ta tsaya masa. Ita ta hana su saye a wani wuri, ta ce musu yayanta ba ya cutar mutum.

Ya ce zai mayar da kuɗin, ba sai an tara masa jama'a ba. Da ya tsaya nan, da wataƙila wata rana abin ya warke. Amma ya ɗauki usur ɗinsa ya rataya, ya ce, yana kallon wani wuri:

"Ke kin samu gida sukutum da fili. Ni na ci dala dubu, shi ne za ki tsaya min a kai kamar na yi kisa."

Raewyn ta tsaya tana kallonsa. Ta tuna rungumar ofishin lauya, da ƙamshin man inji a rigarsa, da yadda ta yi kuka a kafaɗarsa don jin cewa ba ta rasa kowa ba sai uwa. Ashe tun ranar abin yana nan.

"Da ka tambaye ni rabin gidan, da na ba ka," ta ce.

"Ba na roƙo."

"A'a. Na ga abin da kake yi."

Ta bar masa bindigar a wurin ta juya.

Wal ya sauya alƙali nan take, ya ce wa Des ya tattara ya bar masa fili. Ya fito da bindigogin haya uku daga cikin sababbi, ya ce ba zai karɓi komai ba. Raewyn ta ce ita gida za ta. Anti Mele ta riƙe mata hannu ta ce ba inda za ta, ta tashi tun asuba ta yi girki, ta bar coci saboda wannan wasa, kuma ba Rae ce ta fesa fentin ba. Marisol kuwa ta miƙe. Ta ɗauki bindigar hayar ta je wurin gwaji, ta harba goma a jere, duk suka sauka a faifai ɗaya. Ta tsaya tana kallon faifan, sannan ta sauke takunkumi ta rufe fuskarta tun ba a kira su ba.

An ci su wasa uku, sun ci ɗaya, kuma Marisol ce ta ci musu shi ita kaɗai bayan an fitar da sauran biyun. Raewyn ba ta taɓuka komai ba ranar. Sau biyu ana harbinta a tsaye, ta manta ma ana wasa. Da aka tashi, aka gasa tsiren Turawa ana sawa cikin burodi da albasa, mutanen da ba ta sani ba suka riƙa zuwa suna ce mata sun yi ƙoƙari, da irin muryar da ake yi wa mai makoki. Ta gane labarin ya zaga filin.

Kuɗin ya shigo asusunta daga Des da yamma, ba ko kalma ɗaya tare da shi. Ta raba wa matan ranar Litinin a ɗakin shan shayi. Anti Mele ta karɓa ta ce Allah ya shirye shi, ta ƙara da cewa tirenta na nan a gidansa, tana son abinta. Marisol ta karɓa ta yi godiya. Tana bakin ƙofa ta juyo.

"Na nuna miki waɗanda na samo, Rae. Ko kallon kirki ba ki yi musu ba."

Raewyn ta ce gaskiya ne, ta ba ta haƙuri. Marisol ta gyaɗa kai ta fita. Ba ta daina wasa ba, amma sai da aka yi wata biyu kafin ta sake shiga motar Raewyn, kullum tana da dalilin zuwa da tata.

Wal ya tambayi Raewyn ko tana so a kai maganar tulunan gaba, don shi a shirye yake ya ba da shaida. Ta yi kwana uku tana juya abin, ta ce a'a. Ba don ta yafe ba. Ta dai kasa hango kanta tana faɗin sunan Des a gaban teburin hukuma. Wal ya hana shi filin, ya kuma buga wa masu sauran filayen yankin waya, wannan ba ta hana shi ba.

Cikin hunturu suka sake sayen na hannu, ɗaya bayan ɗaya, daga jerin Marisol. Kowace sai da aka kai ta rumfar Wal, mai sayarwa yana tsaye, aka kwance ta a kan tawul. Wal ya sa Raewyn ta kwance tata da kanta ta mayar, sau shida, har ta daina neman taimako. Tuluna kuwa sababbi suka saya.

A watan Oktoba matar Des ta kira ta. Ta ce za a yi wa jikarsu ta fari baftisma ranar Lahadi da ƙarfe biyu, kuma Des bai ce a kira ta ba amma bai ce kada a kira ba, ya rame, ba ya zuwa ko'ina. Raewyn ta ce tana da wasa ranar. Gaskiya ne tana da shi, sai dai da sha biyu aka tashi. Ta koma gida ta yi wanka, ta fito da rigar zuwa coci ta shimfiɗa a kan gado, ta zauna kusa da ita har ƙarfe biyu ta wuce. Da yamma ta naɗe 'yar rigar sanyi da ta saƙa wa jaririyar, ta rubuta sunan matar Des kaɗai a kan ƙunshin, ta ajiye a mota don ta kai gidan waya da safe.